Watan da Na Gani a Zurgu

Ranar ashirin da tara ga azumi na fita bayan gari da sabuwar kyamarata mai dogon hanci, na rantse bana ni zan riga kowa ganin wata. Ana kiran magariba na hango shi, na ɗauka. A hoton na ga wani tsinke a ƙarƙashinsa. Na ce datti ne, na goge, na ƙara haske. Ko ruwa ban sha ba na nufi wajen Liman.

Ya daɗe yana kallo. "Malam, wannan ai na saman hasumiyar masallacinmu ne. Ina ka kai ƙarfen da ke riƙe da shi?"

Na dubi hoton, na dubi Liman.

Har yau, duk ƙarshen azumi, sai an aiko gidana a tambaya ko gobe Sallah ce.