Ranar da Jakin Malam Tanko Ya Kayar da Ni

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Litinin ɗin da na zura babbar riga na nufi makarantar 'yata a Kusada, wai zan je in gyara wa kwamfuta kuskurenta ba.

Aikina karanta labarai ne a wani gidan rediyo a Katsina. Iyalina suna Kusada, sai ƙarshen mako nake zuwa. Fuskata ba kowa ya san ta ba, amma a tashar Kankia in na tambayi kuɗin lemo sai ka ga mutane suna waigowa, saboda muryar. (Ina jin daɗin wannan waigen fiye da yadda nake nunawa.)

A wannan shekarar an kawo wa makarantar su 'yata Firdausi kwamfutocin hannu na koyon karatu. Yaro zai karanta gajeren labari a fuskar kwamfutar da babbar murya, sai rubutun ya ɓace, tambayoyi su fito a kan abin da ya karanta. In ya ci, a buɗe masa littattafan mataki na gaba. Ƙawayen Firdausi duk sun wuce, ita kuwa tana nan a kan littattafan da hoto ya fi rubutu yawa. Ranar Asabar da na dawo, da kuka ta tare ni.

Na miƙa mata jarida na ce ta karanta. Ta karanta kuwa. Inda ake tsayawa ta tsaya, inda ake ɗaga murya ta ɗaga, ko tuntuɓe babu. Ni na koya mata da kaina, don haka nan take na yanke hukunci: kwamfutar ce ba ta da lafiya. Na ce mata ta share hawaye, ranar Litinin za ta hau mataki na gaba, alkawari ne.

Mahaifiyarta ta ce, "Baban Firdausi, da ka fara jin ta bakin malamarta tukuna."

Na ce ai wurin malamar za ni.

Malamar ajin kuwa Binta ce, 'yar kawuna, taubashiyata, wadda tun muna yara ba ta taɓa samun damar tsokanata ta bari ta wuce ba. Da ta gan ni a ƙofar aji sai ta ce wa yara, "Ku tashi ku gaida mai labarai. Yau rediyo ce ta zo da ƙafarta."

Na ja ta gefe na yi mata bayani a natse, kamar mai gabatar da sharhi. Na ce na'ura ba ta san karatu ba, ba ta san lafazi ba, ba ta san daɗin murya ba. Yarinyar da ke karanta jarida ba ta da abin yi da littafin hotuna.

Binta ta saurare ni har na gama, abin da ya kamata ya sa in yi hattara. Sannan ta ce, "To taubashi, mi zai hana ka gwada ta da kanka? Ga labarin da ya riƙe ɗiyarka. In ka ci, da hannuna zan ɗaga ta yau."

"In ban ci ba fa?"

"Akwai wuri a bencinta."

Na yi dariya na karɓi kwamfutar. Na tsaya a gaban allo, na gyara murya, na fara.

Gaskiya na karanta shi da kyau. Labarin wani Malam Tanko ne da jakinsa, amma da ka ji ni sai ka ɗauka sanarwar gwamnati ce. Malamin ajin da ke kusa har ya leƙo ta taga. Da na kai ƙarshe yara suka tafa, Firdausi tana kallon ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya, ta tabbatar kowa ya ji.

Sai rubutun ya ɓace.

A nan ya kamata in faɗi wani abu game da sana'armu. Mai karanta labarai, bakinsa yana kan wannan layi, idonsa ya riga ya tafi layi na gaba yana neman inda za a ja numfashi, hankalinsa kuma yana kan agogo da hannun furodusa ta bayan gilashi. Labarin yana shiga ta ido ya fita ta baki, ba ya tsayawa gaisawa da kowa a hanya. Kuma takardar kullum tana gabanka. Ba a taɓa janye mini ita aka ce in faɗi abin da ke ciki ba.

Tambayar farko ta fito: me Malam Tanko ya ɗora wa jakinsa? Gero, wake, ko dawa?

Na san akwai jaki, don akwai hotonsa. Na kuma tuna cewa a daidai wurin kayan na ja numfashi. Abin da ke cikin buhun ne kawai ban sani ba. Na danna dawa da ƙarfin gwiwa. Kwamfutar ta yi wani ɗan sauti mai kama da tausayi.

"Wake ne," in ji yaran, baki ɗaya, cikin ladabi.

Na ce yatsana ne ya zame. Binta ta ce, "Haka ne, babbar riga na sa hakan."

Tambaya ta biyu: me ya sa jakin ya ƙi tsallake rafi? Na tsura wa amsoshin ido kamar zan gane ɗaya a fuska. Sai na ji an ja gefen rigata. Firdausi ce, ta baro bencinta ta zo ceton ubanta.

Ta raɗa mini, "Baba, maciji ya gani."

Na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Na danna maciji. Sautin tausayin ya sake fitowa. Ashe ƙaya ce ta soki jakin a ƙafa, kuma babu maciji ko ɗaya a cikin labarin, daga farkonsa har ƙarshe. Mu biyu muka karanta shi da bakinmu, mu biyu muka ga macijin da ba a rubuta ba.

Sauran tambayoyin ba sai na ba ku labari ba. Na ci guda ɗaya, ita ma canka na yi. Da aka gama, kwamfutar ta nuna matakin da ya dace da ni. Binta ta leƙa, ta daɗe tana dubawa, sannan ta juya ga ajin.

"Yara, ku tafa wa Firdausi. Ta fi babanta da mataki guda."

Suka tafa. Malamin da ke taga ma ya tafa. Binta ta nuna mini bencin, ta ce wa yarinyar da ke gefe ta matsa wa Alhaji. Na ce ina da labaran rana a Katsina, mota za ta tafi ta bar ni. (Labaran yamma gare ni.)

Firdausi ta raka ni har bakin ƙofar makaranta. Ba a ɗaga ta ba, alkawarina ya faɗi a gaban ajinsu, na rasa ta inda zan fara ba ta haƙuri. Ita ce ta riga ni magana.

"Kada ka damu, Baba. Ni ma haka take yi mini. Za ka saba."

Daga makon aka karɓe koyarwar daga hannuna. Mahaifiyarta, wadda ba ta taɓa tsayawa gaban makirfo ba, ita ke sa ta karanta shafi guda, ta rufe littafin, ta ce, "To, wa ya yi me?" Kafin hutun zangon Firdausi ta hau matakin da take so. Ni kuma Binta har yanzu takan aiko a tambaye ni ko na shirya sake zama.

Abin da na koya ɗan kaɗan ne, amma ya zauna: in za ka je makaranta ka yi rantsuwa cewa kai ka koya wa ɗanka abu, fara tabbatarwa ba shi ne matsalar ba. In kuma malamar taubashiyarka ce, aika matarka.