Yadda Za Ki Ci Hular Soso da Ƙwallon da Ba Ki Taɓa Kallo Ba

'Yar'uwa, gyara zama. Yau zan koya miki yadda za ki faɗi ƙungiyar da za ta zo ta ɗaya a ƙwallon Amurka tun ba a busa usur ba. Ba sai kin iya Turanci ba. Ba sai kin san dokar wasan ba. Ni ma har gobe ban san abin da ya sa ƙarti goma ke danne mutum ɗaya kamar sun kama ɓarawon akuya ba. A aji huɗu na bar firamare, amma na kayar da maza uku masu manyan wayoyi. Ki bi matakan nan. In ba ki ci ba, ki canza mini suna daga Mariya.

Mataki na 1: Ki auri mai irin wannan ciwon

Shi ne mai wuyar, amma sau ɗaya ake yi.

Nawa, Baban Ummu, Allah ya jiƙansa, a garejin Alhaji Labaran yake aiki, nan Ras Al Khor, a ƙasar Larabawa inda muke zaune. Motocin da suka yi hatsari a Amurka suke saye. A sauke su daga kwantena, a kwance su, a tura kayan gyaran Kano. Mutanen can kuwa sai sun manna sitikar ƙungiyarsu a bayan mota hankalinsu ke kwanciya. Daga kallon sitika ciwon ya kama maza huɗu: shi, da Alhaji, da Sabo mai walda, da Musbahu mai haɗa kaya.

A 2016 suka buɗe but ɗin wata mota suka tarar da hula. Ta soso ce, rawaya, mai kusurwa uku, da ramuka a jiki, kamar an yanko ƙatuwar awara. Wai siffar cuku ce, magoya bayan wata ƙungiya ke sawa. Ranar babu wanda ya ƙara taɓa sifana. Kowa sai da ya gwada.

Mataki na 2: Ki zaɓi rukuni ɗaya, kada ki yi haɗama

Ƙungiyoyin suna da yawa. Ke dai ki riƙe huɗu. Namu rukunin sunansa NFC North. Alhaji ne ya zaɓa, ya ce tunda 'yan arewa ne, 'yan'uwa ne.

Ba sai kin haddace sunaye ba, ki riƙe hoto. Green Bay, harafin G, su ne masu hular. Chicago, wata dabba kamar kare ya ci ya ƙoshi. Minnesota, mutum mai ƙaho da kitso. Sai Detroit, shuɗin zaki.

Zakin nan ki sa masa ido. Tunda na san shi bai taɓa zuwa na ɗaya ba. Sabo kan ce zakin gidan zu ya fi shi, shi aƙalla yana ruri in an kawo nama.

Mataki na 3: Ki san doka, don ki san inda za ki ɓuya

Ƙarshen Agusta kowa zai rubuta wadda yake ganin za ta zo ta ɗaya. A jefa takardu a gwangwanin madara, a liƙe da salatif, sai Janairu a buɗe. Wanda ya dace, hula ta kwana gidansa shekara guda. In an yi kunnen doki, ko kowa ya faɗi, hula tana nan inda take.

Ba a sa ko dirhami. Ba caca muke ba, wauta muke, kuma wauta ba ta hana sallah karɓuwa.

Mataki na 4: Ki ƙirga sitika, ki bar masana da surutunsu

Ga asirin. Baban Ummu ne ya gano shi, ni kaɗai ya gaya wa, muna cin ɗanwake. Ya ce, “Maman Ummu, mutumin da ƙungiyarsa ke da ƙarfi a hankali yake tuƙi, yana so ya ga wasan mako mai zuwa. Wanda ake lallasa tasa kuwa, da haushi yake taka mota.”

To ki zaga gareji ki ƙirga. Ƙungiyar da sitikarta ta fi yawa a kan motocin da suka daku, ita ce wutsiya. Wadda ba ki cika gani ba, ita ce kai.

Na ce masa wannan ai ƙanzon kurege ne. Ya ce ƙanzon kurege ma in ya kawo hula, magani ne. A Janairun 2020 ya shigo da ita a ka, tun daga bakin titi, da kaftaninsa na Juma'a. Maƙwabcinmu ɗan Indiya har fitowa ya yi ya ɗauki hoto. Da ita yake shan shayi. Sau biyu na tare shi a ƙofa zai tafi masallaci da ita.

Mataki na 5: Ki rasa shi

Wannan ba shawara ba ce. Haka dai ya zo a jeri.

Saura kwana uku azumi korona ta ɗauke shi. Ban gan shi a asibiti ba, ban ga gawarsa ba. Waya aka bugo. Kayan sawarsa aka ɗaure aka tura wa danginsa a Gwarzo. Hula ce kaɗai ba ta shiga gado ba, don ba tasa ba ce, ta gareji ce.

Ki sani, soso yana riƙe ƙamshi. Man da yake shafawa a kai yana cikinta, har da zufarsa. Duk wata huɗu da kwana goma na takaba, in abin ya taso mini, sai in kifa fuskata a cikin awarar nan. Ummulkhair, 'yarmu, ta taɓa kama ni. Na ce ƙura nake hurewa.

Ina fita takaba, Agusta na ƙarewa. Na san abin da ke tafe: za a sake jefa takardu, a Janairu wani ya zo da sallama ya ɗauki hula.

Mataki na 6: Ki je ki zauna a kujerar maza

Na sa takunkumi, na ja Wasila, matar Alhaji, muka shiga gareji ana rana mai soya ƙwai a kan bonet.

Alhaji ya miƙe. “Maman Ummu! Lafiya? Ai da kin aiko.”

“Takarda na zo jefawa, Alhaji.”

Sabo ya ɗaga gilashin walda. “Ranki ya daɗe, kin san ƙwallon ma kuwa? Zagaye ne ko mai tsini?”

“Kamar gwanda yake, Sabo. Kai da ka sani, sau nawa hular ta kwana gidanka?”

Musbahu ya yi dariya har ya ƙware. Ba ta taɓa kwana ba.

Muka zaga mota-mota. Ni ina ƙirge da tsinken ashana, Wasila tana riƙe da lema tana mita. Na tara zakuna tara kafin ta ce, “Ke Mariya, wannan baƙar ai mage ce, ba zaki ba.” Ashe ta wani rukuni ce daban. Na ce a bar ta a ciki, dangi ne. G kuwa biyu tak na gani. Na zana G ɗina ƙato, na naɗe, na jefa.

Mataki na 7: In kin ci, ki yi guɗa da wuri, kafin ki yi tunani

Janairu ta zo, G ta zo ta ɗaya, zaki ya riƙe wutsiyarsa yadda ya saba. Aka farke gwangwani. Takardar Alhaji, zaki. Ta Musbahu, zaki. Ta Sabo, zaki.

Wayyo daɗi! Na rangaɗa guɗa a tsakiyar gareji har 'yan Fakistan na maƙwabta suka leƙo ko biki ake. Na yi wa Sabo gwalo ta cikin takunkumi. Na soya cincin na raba.

Sati uku ina yawo a sama. Sai ranar da muka je shan iska Hatta, muna zaune bakin madatsar ruwa, Wasila ta cika baki da gurasa ta ce, “Ai Alhaji cewa ya yi duk wanda bai rubuta zaki ba ya nemi wani garejin.”

Ta ga fuskata, gurasa ta tsaya mata.

Na je gareji na same su. “Sabo, kai da ke zagin zakin nan shekara biyar?”

“Mafarki na yi, ranki ya daɗe.”

“Kai fa, Musbahu?”

“Ni ma mafarkin.”

“Alhaji?”

Ya duƙa yana neman wani noti da bai faɗi ba. “Yalla, maza, kowa ya koma aiki. Khalas, magana ta ƙare.”

Mataki na 8: Ki rama

Ni ba a yi mini sadaka a ɓoye in yi shiru. Kuma tun watan Rajab ƙamshin ya tafi. Na shinshina har hancina ya gaji, warin soso kawai. Na ce to, lokaci ya yi da za ta koma wa masu ita. Amma in kai da hannuna, sai na ce na gode, in na ce na gode kuma sai na yi kuka a gaban Sabo. Allah ya kiyaye.

Sai na yi dabara. Bana, makon jiya, na zana zakina har da gemu. Na ce kafin a liƙe gwangwani kowa ya buɗe tasa a gani, don kada a sake mafarki. Suka rantse sun yi tsakani da Allah. Muka ƙirga uku, muka juya takardu.

Zaki huɗu a kan tebur.

Muka tsaya kallon juna. Musbahu ne ya fara dariya, sai Sabo ya zauna a kan taya yana riƙe ciki. Na yi dariya har takunkumina ya jiƙe, ban tsaya bincika da me ya jiƙe ba.

Alhaji ya share ido ya ce, “To, doka dai doka ce. Zaki ya ci, kunnen doki. Zaki ya faɗi, kowa ya faɗi. Maman Ummu, sai ki ci gaba da haƙuri da ita.”

Yanzu Ummulkhair ke sawa in za ta yi karatu. Wai tana buɗe kai.

Gargaɗi

In gaskiyar ƙirgata ta bana kike so: G a gaba, mai ƙaho na biye, sai dabbar Chicago, zaki a mazauninsa. Amma in kin ɗauka kin kai wani wuri aka yi miki dariya, ba hannuna. In rana ta buge ki a gareji, in kin ƙirga mage, in kin wayi gari da awarar soso a kan durowa da maza uku maƙaryata da ba za ki iya rabuwa da su ba, duk ke kika jawo.

Dabarar ba tawa ba ce. Mai ƙorafi ya kai wa mai ita. Ba ya ɗaga waya yanzu, amma yana karɓar addu'a.