Sunan da Na Raɗa wa Kwamfutar Makaranta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kwamfuta ta tona min asiri ba. Lokacin ina koyar da darasin kwamfuta a wata sakandare a Bodinga, abokin karatuna Lawali kuma yana koyarwa a Shagari. Rayuwa ta yi tsada, babu makarantar da ke iya sayen manhaja, sai Lawali ya ɗora wa tsofaffin kwamfutocin makarantarsu Linux, manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya gyarawa. Injinan suka farfaɗo. Shi ke nan, ko'ina Lawali. A zauren hirarmu na waya, inda muke fassara manhajar zuwa Hausa, Lawali. Har matata ta ce ta ji yana da ƙwaƙwalwa (wannan ta fi yi min ciwo).

Da aka ce za a zaɓi malami ɗaya ya jagoranci aikin a makarantun yankin, na rantse ba zan bar masa ba. Na jawo wata kwamfutarmu, wadda shugaban makaranta ke cewa ta ga Jamhuriya ta Biyu da idonta, na fara ɗora mata manhajar. Da ta nemi in ba ta suna, zuciyata cike da kishi, na rubuta: nafi-lawali. Har da murmushi na yi, ni kaɗai a ɗaki kamar wanda ya ci zaɓe.

Aka gama, na kashe na kunna. Baƙin allo, da fararen rubutu. Na sake. Baƙin allo. Na hure ƙura, na canza waya, na yi mata addu'a, har ɗan mari na kai mata a gefe. Ko gezau.

Kiran Lawali? Allah ya kiyaye. Sai na ɗauki hoton allon na tura zauren, na rubuta cikin isa cewa wani ɗalibina ne ya gamu da matsala. Abin da ban lura da shi ba, baƙin allon nan yana fara kowane layi da sunan kwamfuta.

Can wata malama daga Sifawa ta rubuto: “Malam, wanga ɗalibi naka mi Lawali ya yi mai?”

Na duba hoton. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kafin in goge, kowa ya gani.

Sai ga Lawali, cikin sanyin nan nasa mai ƙona rai: “Injin ya tsufa, ba ya iya ɗaukar wagga babbar manhaja, amma akwai ƙarama. Sauke ƙaramar. Sunan kuwa ka bar shi, ya yi kyau.”

Na sauke ƙaramar, nan take ta tashi. Ban taɓa jin haushin abu ya yi aiki ba sai ranar.

Jagorancin dai shi aka ba, shi kuma ya roƙa a sa ni mataimakinsa. A duk makarantar da muka shiga, sai ya dafa kafaɗata ya ce, “Ga wanda ya fi ni.” Malamai su yi ta gaishe ni da girmamawa, ni ina haɗiye yawu.

Ba zan yi muku ƙarya ba, har gobe ina kishinsa. Abin da na koya kawai shi ne, kishi a ciki ake barinsa, ba a shigar da shi kwamfuta.