Zangon Farko a Bayan Gidan Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar turmin nan ba. Dum, dum, sai a cilla taɓarya sama, a tafa hannu, a cafe. Mutum ɗaya na sani mai daka da tafi haka, Gwaggo Sa'a. Kuma a lissafina, a wannan yammacin na baro ta da tafiyar yini guda cur.

Bari in koma baya. Shekarar da na gama sakandare a Gadarif, aka tura ni hutu ƙauyen kakata, Haboba, a bakin kogin Rahad. Ina can damina ta kankama, laka ta rufe hanya, ko lori ba ya shiga. Sai wani masunci ya kawo saƙo daga Hawata: Dije, yayar Haboba, za ta hau jirgin ƙasa ranar Alhamis, ta kama hanyar Makka. Ta ce za ta ƙarasa tafiyar da iyayensu suka faro daga yamma, kuma ba ta sa ran dawowa. Haboba ta ce ko ta kan ruwa ne sai ta je sun yi sallama. Ɗanta, Kawu Isihu, yana da kwalekwale.

Ni kuwa ina da taswira. Da hannuna na kwafe ta daga bangon ajinmu, na shafa wa kogin shuɗi mai kyau. Na ɗora rula a kai, na raba shi uku: mu tashi Litinin, mu kwana biyu a daji, Laraba mu isa. Na rubuta guzuri, dabino da busasshiyar kisra, gurasarmu ta dawa, da gawayi da gidan sauro. Har suna na raɗa wa wuraren kwanan (Allah ya yafe mini), na farko Zangon Kaɗaici, na biyu Zangon Taurari.

Kawu ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Ustaza, ai nan bayan gari akwai wata 'yar..."

"Isihu," Haboba ta katse shi, "kai ajin nawa ka yi? Yarinya ta ƙare ƙuruciyarta a madrasa. A bi takarda."

Na ji kaina ya kumbura har mayafina ya matse ni.

Ranar Litinin na yi bankwana irin ta mai ƙetare teku. Na bi mata ɗaya bayan ɗaya ina neman gafara. Na damƙa wa Gwaggo littattafaina, na ce in ban dawo ba a ba ƙanwata. Gwaggo ta kalle ni, ta kalli Kawu, ta toshe bakinta da gefen zane. Na ɗauka kuka take ɓoyewa.

Tafiyar ta yi daɗi, wannan kam ba zan musa ba. Ruwan ja ne kamar shayi da madara, balbelu suna tashi daga itatuwa, Kawu yana ta tuƙi. Da azahar Haboba ta nuna wata tsohuwar tsamiya a kan tudu, ta ce a tsaya. Ta ɗauki buta ta hau ita kaɗai, ta daɗe, ina ta duba agogona don wannan tsayuwar ba ta cikin tsari. Da muka ci gaba na lura inuwarmu ta koma ɗaya gefen kwalekwalen, ta sake komawa wancan. (Wata da ta fi ni hankali da ta yi tambaya. Ni baiti na rubuta a kai.)

Rana ta yi sanyi muka tsaya a wani farin yashi. Na sanar cewa mun iso Zangon Kaɗaici. Kawu ya hura wuta, Haboba ta ɗora jabana, ɗan tulun gahawarta, ƙamshin gahawa ya tashi. Ni kuma na miƙe, na fuskanci kogi, na buɗe littafina na fara karanta musu da ƙarfi: "Mun bar gida, mun bar mutane, daga mu sai ruwa sai Mai Sama..."

Dum. Dum. Tafi.

Na saurara. Na ce a raina kewa ce take mini gizo a kunne. Na sake ɗaukar baitin. Sai akuya ta yi kuka, kuma na san akuyar. Can sai karan dawa ya motsa, ga Gwaggo Sa'a da kwano a ka, mata huɗu a bayanta.

"Sannunku da hanya, matafiya! Ya gajiya? Ya mutanen ƙasar nan, suna jin Hausa kuwa?"

Ashe kogin zagaye ya yi, ya lanƙwasa ya dawo, muka sauka a bayan gonar Gwaggo. Daga inda muka tashi da safe, tafiyar da ba ta kai a sha shayi ba ce a ƙafa. Maza biyu kan ja kwalekwale ta wannan siririn wuyan ƙasar su jefa a ɗaya gefen. Abin da Kawu ya so faɗa ke nan.

"Ustaza," in ji Gwaggo tana buɗe kwanon, "littattafan nan in ba ƙanwar taki yanzu, ko mu ƙara jira?"

Matan suka riƙe ciki. Har Kawu ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Ni dai na tsaya da littafi a hannu, ina roƙon yashin ya buɗe. Amma abin da ya fi dariyar ciwo shi ne lissafin: yini ɗaya ya tafi, saura biyu, jirgi kuwa ba ya jiran kowa.

A nan ne nake ɗan alfahari da kaina. Ban gudu gida ba, ko da yake ga shi nan kusa. Na zare zare daga bakin mayafina, na durƙusa gaban Kawu na ce, "Kawu, nuna mini kogin." Ya shimfiɗa zaren a kan yashi, yana lanƙwasa shi gwiwa bayan gwiwa, yana faɗin inda ake ja da inda kada yake. Shi ya san kogin kamar tafin hannunsa, amma bai taɓa auna shi da kwanaki ba. Ni na auna. Na ce in mun tashi da asuba, muka ja ta wuya uku, muka haƙura da Zangon Taurari muka kwana gaba da shi, za mu kai.

Muka ja, ni ma da igiya a kafaɗa, laka har gwiwa. Ana kiran magariba ranar Laraba muka ga fitilun Hawata. Tsofaffin biyu suka rungume juna a tsakar gida, suka daɗe ba wadda ta saki. Tun daga ranar, kafin in zana hanya sai na tambayi wanda ƙafarsa ta taka ta.

Bayan shekaru, Haboba ta rasu, muna zaman makoki aka tuno labarin, aka sake yi mini dariya. Kawu bai yi ba. Ya ce a gindin tsamiyar nan aka binne mahaifiyar Haboba da Dije, a can tafiyarta ta Makka ta tsaya. Haboba ta sha roƙo a kai ta kabarin, kullum sai a ce wa zai ɓata yini a wannan zagayen. Da ta ga taswirata, tun a kallon farko ta gane inda za ta bi da mu.