Rasuwar Tsoho, Kulkin da Ya Tara wa Kalisi Baƙi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai fama da danne murmushi, Kalisi Fifita ta ƙauyen Kolonga a Tonga tana sanar da 'yan uwa na gida da na ƙetare rasuwar abokin sana'arta, Tsoho, kulkin bugun ɓawon itace, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Alhamis da hantsi yana tsakiyar aiki. Ya haura shekara sittin a duniya. Don Allah a sake karantawa da kyau: kulki ne ya rasu. Kaka Meleseini tana nan garau, yanzu ma ta gama cin rogo.

Marigayin ya fara aiki a hannun Kaka tun tana budurwa. Bai taɓa makara ba, bai taɓa bugu ranar Lahadi ba. Ɓawo komai taurin kansa, idan ya shiga tsakaninsa da gungume sai ya baje, ya yi laushi, ya zama ngatu, zanen da ake shimfiɗa wa amare.

Amma babban alherinsa a kan Kalisi shi ne na shafi. Shekara biyu da suka wuce 'yar kawunta Lesieli da ke Auckland ta buɗe mata shafin sayar da ngatu a intanet. Cikin wata uku baƙi tara suka leƙo, shida daga ciki Lesieli ce. Aka sa hotuna, shiru. Aka canza launin shafi, shiru. Lesieli ta bugo waya tana cewa, "Ke sarauniyar kunya, fito ki yi wa mutane magana! Wa zai sayi kayan fatalwa?" Kalisi kuwa ko a coci bayan ginshiƙi take zama.

A nan marigayin ya ɗauke mata nauyi. Wata safiya ta jingina waya a jikin gungume, ta ɗauki bidiyon hannunta kawai yana aiki, ta ɗora a shafi. Tum-tum-taka, tum-tum-taka. Kafin la'asar mutum ɗari huɗu sun shigo. Wata tsohuwa a Sydney ta rubuto cewa rabonta da jin wannan ƙara tun ranar da ta hau jirgi. Daga nan kullum safiya Tsoho ke gaida duniya na minti ɗaya. Aka ƙirƙiro gasa: a saurara a faɗi ko hannun Kaka ne ko na Kalisi, wanda ya canka a aika masa da ngatu kamar faɗin tafin hannu. Duk wanda ya sayi zane kuma, a haɗa masa da sautin bugun nasa zanen. Kalisi ba ta taɓa cewa uffan ba, kaya kuwa suna ta tafiya.

Ciwon ajalinsa ya fara da 'yar tsaga a gefe. An shafa masa man kwakwa, an ɗaure shi da igiyar ɓawon kwakwa, ya ɗan ji sauƙi, sai dai muryarsa ta dusashe. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce ƙas.

Kowa ya san idan aka yi mutuwa a ƙauye ba a bugu sai an tashi daga makoki. Shi ya sa 'yan ƙetare suka daɗe da mai da shafin wurin duba lafiyar gida: in sun ji Tsoho, kowa lafiya. Juma'a shiru, Asabar shiru, Litinin shiru. Waya ta yi ta kuka, Kalisi ta tura ta ƙarƙashin matashi don kunyar bayani. Nan take labari ya bazu cewa Kaka ce ta rasu. Ranar Talata mata suka shigo cikin baƙaƙen kaya, ɗauke da tabarmi da katan-katan na biskit da 'yan uwa suka aiko daga ƙasashe uku, suka tarar da Kaka tana kankare kwakwa.

"Ni kuke wa kuka?" in ji Kaka. "To ku miƙo biskit ɗin, mamaciya na jin yunwa."

A wannan rana mutum dubu goma sha biyu suka shiga shafin. Dubu goma sha biyu! Kalisi ta duba har sau biyar, ta shiga bayan tankin ruwa ta yi tsalle, sannan ta fito da fuskar makoki.

Marigayin ya rasu ya bar matarsa gungume, wadda ta sha duka a hannunsa ba ta taɓa yaji ba, da waya mai tsagaggen gilashi, da wani sabon kulki da muryarsa ba ta nuna ba tukuna, da Kalisi, wadda yanzu ba ta da mai yi mata magana.

Gwaggo Heilala, yayar mahaifinta, wadda ba a ja da ita a sha'anin makoki, ta yanke hukunci: "Tunda tabarmi sun shigo, sai an yi jana'iza. Mai gawa ce kuma za ta yi jawabi. Shekara biyu kina ɓuya a bayan kulki, 'yar nan, ga shi ya kwanta. In kika yi shiru, baƙin nan su watse, ki sayar wa Lesieli."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a gindin mangwaron bayan gida, a lulluɓe shi da zanen da bai ƙarasa ba. Za a nuna komai kai tsaye a shafin. Kalisi za ta ɗaura a jikinta tabarmar makoki mafi girma da yagewa, kamar yadda ake yi wa wanda ya girme ka. Ta so ta ja ta har saman kai, Gwaggo ta ce iyakarta haɓa. Akwai shayi, biskit kuwa sai wanda ya gaji.

Jawabin layi huɗu ne, ta haddace uku. Idan murya ta maƙale a na huɗu, ana roƙon kowa, a duk ƙasar da yake, ya ƙwanƙwasa teburin da ke gabansa har ta samo layin: tum-tum-taka.