Ranar da na bi Fasto cikin tabki

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka yi wa jikata Ladi baftisma, ko da ƙasa ta rufe mini ido.

Ni haifaffiyar Birni ce, 'yar gidan malamai. Aure ya kai ni majami'a, na kuma zauna da zuciya ɗaya har bayan rasuwar maigida. Ban san ko baƙi ɗaya na karatu ba, amma waƙa da addu'a babu macen da ta sha gabana (ko matar Fasto, da duk karatunta). Aikina ranar baftisma riƙe zane. Ruwa na Fasto ne da dattawa maza, mu mata iyakarmu bakin gaɓa. Mace ta fito a jiƙe, ni ke lulluɓe ta. Wannan zanen shi ne duk sarautata a duniya, tunda dangi sun daɗe da daina cin tuwona.

Damina ta cika wani tabki a bayan gari, aka kwashe mu zuwa can. A hanya Ladi ta ce, "Kaka, ni fa tsoro nake ji."

Na ce, "Ke tafi can, raguwa! Mai bangaskiya ba ya tsoron ruwa." Da ƙarfi na faɗa, don matan zumuntar majami'a su ji.

Fasto yaro ne, sabon zuwa, mai dogon wa'azi. Ya kama kan Ladi ya danna cikin ruwa. Na ga ruwan ya haɗe a kanta, shiru. Ita kaɗai ce jinina da ke bina majami'a. Wallahi ban san sanda na kurma ihu ba: "Innalillahi! La'ilaha illallahu! Zai kashe mini ita!"

Na yar da zane, na afka tabkin da mace ba ta shiga sai an kira ta. Taku biyu laka ta kwashe ni. Ladi ta ɗago lafiya lau, ni ce dattawa suka jawo kamar tsohuwar akuya, ba kallabi, ba takalmi.

Waƙa ta tsaya. Babu wanda ya yi dariya, da ma sun yi. Wani dattijo ya ce a hankali, "Iya, me muka ji kin faɗa?" Ladi na tsaye tana rawar sanyi, ba mai rufe ta.

Da Lahadi ta zagayo, aka ce in huta, tsufa ya zo. Matar Fasto ke riƙe zane yanzu. Labari kuwa ya riga ni isa Birni. Ƙanwata ta aiko a tambaye ni, "Yaya, ashe kin dawo gida?" Ban dawo ba. A majami'a ma kuma yanzu a benci na baya nake zama.

Abin da na koya da furfurata: idan tsoro ya zo, baki ba ya shawara da kai, abin da ya sha a nono yake fitarwa. Allah dai ya san wadda ta kira shi.