Kusa da Mai Garba

Wani ne a Adjamé, kafin ya san kwamfuta aikinsa rubuta adireshi a jikin buhu. A tasha yake zama da baƙin alƙalamin maka mai kauri, duk dilar da za ta Maraɗi ko Kano sai ta bi ta hannunsa. In ya rubuta maka adireshi, ko ruwan saman Abidjan bai isa ya wanke shi ba. Daga baya ya samu tsohuwar kwamfuta, ya koyi rubuta manhaja ta bidiyon waya, ya kafa tebur a wata rumfa a Roxy, ya sayi tabarau wanda ba na magani ba. Shi ke nan, ya zama injiniya. Ni dai ban ga wanda ya naɗa shi ba.

Abin haushin, ya ɗan iya. Ya haɗa wani ƙaramin laburare, wato guntun aikin da wasu manhajoji ke ɗauka su yi amfani da shi. Nasa yana buga suna da lamba a takardar da ake manna wa kwali, kuma yana yi tsaf. Inda gizo ya yi saƙa shi ne fayil ɗin da ke gaya wa kwamfuta yadda za ta harhaɗa laburaren da inda za ta sauke shi. Masu hankali a buɗe suke barin wurin, kowa ya faɗi inda yake so a ajiye masa. Mutumin naku ya ce Allah ya kiyaye. Ya buɗe dosiye cikin dosiye, wato jakar ajiye fayil, a wani faifan ajiya da ke kan teburinsa, ya raɗa musu suna yadda ake kwatancen gida a Adjamé, ya dunƙule adireshin ya kafe shi a cikin fayil:

Adjame/Roxy/bayan_farmasi/kusa_da_mai_garba

Kuma bai yi ƙarya ba. Rumfarsa tana bayan kantin magani, ga mai garba nan gefensa yana soya kifi yana zuba wa mutane a kan acake, wato dambun rogo, abincin da ake kira garba ke nan.

Labari ya kai kunnen Alhaji Abdulbaqi na Treichville, mai shigo da fulas da kofuna daga China. Ya aika aka kira shi.

"Ka ga lungun can mai na'urar sanyi?" in ji Alhaji. "In abinka ya yi aiki a ordinatar ɗina kafin Juma'a, naka ne, da aikin shagunana duka. In bai yi ba, akwai wani Balabane, Balarabe mai irin aikinka, da ke jira."

Mutumin ya kalli lungun, ya tuna rumfarsa da hayaƙin kifi, ya ji har ƙwalla ta taru masa. Ya zauna gaban kwamfutar Alhaji ya danna. Kwamfuta ta yi ɗan tunani, ta rubuto da jan rubutu cewa ba ta ga dosiyen da aka ce ta sauke kaya ba.

Ya sake dannawa. Ja. Ya hure madannan, ya yi bismilla, ya danna da yatsa biyu. Ja.

Rahamatu, 'yar Alhaji, ita ke kula da kwamfutocin shagon, kuma abin da ta karanta ke nan a jami'a. Ta leƙo ta kafaɗarsa, ta karanta adireshin, ta toshe baki da mayafi.

"Grand frère, mai garba kuma? Ai wannan dosiyen a wurinka kawai yake. Goge layin nan, ka bar wurin fanko. Duk mai installé shi a kwamfutarsa zai faɗi inda yake so."

Ya juyo a hankali, ya sauke tabarau.

"In bar kaya ba adireshi? A Abidjan?"

"Ba kaya ba ne, fichier ne."

"Ƙanwata, ke boko kika yi, ni tasha na yi. Buhun da ba adireshi, kafin ka ce kwabo ya zama na kowa. Na ga dilar atamfa ta tashi Maraɗi ta sauka Bamako saboda irin wannan shawara taki."

"To sa masa adireshin nan shagon mana, ko da yake shi ma ba daidai ba ne."

"Mene ne adireshinku?"

Ta faɗa masa lambar aveni, wato babban titi, da lambar layi, yadda ake yi a Treichville.

"Lamba!" Ya yi tsaki. "Wa ya taɓa samun mutum da lamba? Ba masallaci, ba mai shayi, ba komai? Ai ɓacewa zai yi."

Ya zauna ya yi tagumi. Can sai ya buga cinya.

"Alhaji, na gano! An rubuta Adjamé, mu kuma muna Treichville. Ina laifin kwamfuta? A ba ni ita."

Kafin Rahamatu ta buɗe baki ya tattara wayoyi, ya rungumi kwamfutar kamar jinjiri. Ya shiga tasin haya, woro-woro, ya biya kuɗin kujera biyu, aka haye gada, yana ce wa direba, "Doucement, chef, ba ta saba tafiya ba." Da ya isa rumfarsa ya ɗora ta a tebur, ya jona mata duk wayar da ya gani yadda ya saba, har da ta faifan ajiyarsa. Dosiyen yana cikin faifan, don haka da ya danna sai abu ya tafi sumul. Shi ko faifan bai kalla ba. Ya miƙe ya rungumi mai garba.

Ya buga wa Alhaji waya yana haki.

"Patron, ça marche! Ta gane unguwa! Yanzu abu ɗaya ya rage, ka dawo da shagonka Roxy."

"In dawo da me?"

"Ko rabinsa ne."

"Kai, dawo mini da ordinatar ɗina kafin in turo maka 'yan sanda! Juma'a, a nan, a shagona. In ba haka ba, kada in ƙara ganin tabaranka."

Ya zare wayoyi, ya bar faifan a kan tebur, ya mai da ita Treichville. Ya danna. Ja.

Rahamatu ta ce, "Don Allah bari in gyara maka, layi ɗaya ne. Ba zan gaya wa Baba ba."

"A'a. Ba a taɓa adireshin da aka riga aka rubuta."

Ranar Juma'a da hantsi, Alhaji yana zaune da baƙinsa, Balabanen nan ma ya zo da jakarsa yana murmushi, sai ga amalanke ta tsaya a ƙofar shago. A kanta tebur, da murhu, da kaskon mai, da bahon acake. A bayanta mai garba ne yana tafe yana yi wa mutumin naku mita.

"Wallahi kuɗin yini guda ka biya ni. La'asar na yi zan koma."

"Tsaya nan," in ji mutumin. "A'a, matso. Kusa aka rubuta, ba nesa ba."

Aka hura wuta, aka jefa kifi a mai. Hayaƙi ya cika shagon, ya shiga fulas, ya shiga babbar rigar Alhaji ta zuwa masallaci. Mutumin ya wuce ciki yana taƙama, ya zauna a lungun mai sanyi kamar an riga an ba shi, ya naɗe hannun riga, ya danna.

Ja.

Mai na ta ƙara a kasko. Rahamatu ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa. Alhaji ya miƙe yana tari, idonsa ya kaɗa.

"To, injiniya. Ka kwashi ordinatar ɗina ka yawata da ita gari. Ka kawo mini mai kifi ƙofar shago. Yanzu kuma me?"

Mutumin ya matsa kusa da allon, ya bi adireshin da yatsa a hankali, ya gyaɗa kai, ya saki ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi, Alhaji, an kusa. Saura farmasi."